Mai-agogo da Babur ɗin da Ya Ƙi Silo

Mai-agogo gadon sana'arsa ya yi. Mahaifinsa ne ya kafa teburin nan mai gilashi a barandar da ke kallon gidan waya, shi kuma a gefen teburin ya tashi, yana miƙa ɗan hantsaki, yana rarrafe yana neman ƙananan sukurori idan sun faɗi ƙasa. Sunansa na yanka yana nan a takardun makaranta, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Gajere ne, mai siraran yatsu, idonsa na dama ya ɗan fi na hagu ƙanƙancewa saboda gilashin ido ɗaya da ya shekara da shekaru yana maƙalawa. Halinsa guda kowa ya san shi: ba ya iya zama kusa da abin da ke tafiya ba daidai ba. Idan ya je gaisuwa gidan mutane ya ji agogon bangonsu yana ɗingishi, to hira ta ƙare, sai ya nemi kujera ya taka ya sauko da shi. Ya taɓa yin haka a gidan makoki, masu gidan suna karɓar gaisuwa shi yana can gefe da agogon mamaci a cinya.

Sai wayar hannu ta zo ta cinye masa kasuwa. Mutanen da a da suke layi a gaban teburinsa suka koma wucewa suna ɗaga masa hannu. Wasu ma a gabansa za su tsaya, su zaro waya su duba lokaci, sannan su tambaye shi ya aiki. Yakan ce, "Da godiya," ya ci gaba da goge agogunan da masu su suka manta da su. Matarsa malamar firamare ce, Malama yake kiranta, albashinta ne ya riƙe gidan a waɗannan shekaru, kuma ba ta taɓa goranta masa ba. Sai dai ta lura ya fara kwance agogon ɗakinsu yana ɗaurawa alhali lafiyar agogon ƙalau.

Abokinsa na kusa wani tsohon direban babbar mota ne da ƙugu ya sa ya ajiye tuƙi, kowa Direba yake ce masa. Shi ne ya kawo labarin cewa ofishin gandun daji za su yi gwanjon tsofaffin kaya, kuma a ciki akwai wani ƙaton agogon bango mai lilo. Suka shirya suka tafi. Da suka isa aka ce musu wani babba ya riga ya kai agogon gidansa don ya adana wa ofis. Suna shirin juyawa wani ma'aikaci ya turo wani babur daga bayan sito, irin na shiga daji, dogo kamar ɗan maraƙi, tayoyinsa masu haƙora, tankinsa a lotse ta gefe ɗaya. Ya buga masa kik don masu saye su ji. Babur ya tashi da ruri. Da ma'aikacin ya saki totur sai injin ya ƙi sauka, ya rataye a sama, can ya faɗo, ya yi tari biyu, ya mutu. Masu saye suka watse zuwa wurin kujeru da kabad. Mai-agogo kuwa ya kafe a wurin, kansa a karkace.

"Ka ji?" ya tambayi Direba.

"Na ji ya mutu."

"Kafin ya mutu nake nufi. Numfashinsa ba daidai yake ba."

Da la'asar Malama tana tsakar gida tana duba littattafan ɗalibai sai ga su sun shigo suna turo shi, gumi har cikin ido. Ta dube su, ta dubi babur.

"Baban Auta, ina agogon?"

"Ga shi nan," in ji Direba yana haki, "mai taya biyu aka samu."

"Ka iya hawa ne?"

"Wa yake maganar hawa tukuna? Ba ki ga ba shi da lafiya ba?"

Aka jingine shi a rumfar kwano da ke kusa da igiyar shanya, inda a da kajin Malama suke kwana.

Washegari ya je wurin bakaniken unguwa, wani mai faɗin kafaɗa da ba ya son dogon zance. Bakanike ya ce babur ɗin ba ya silo, wato ba ya iya zama a kunne shi kaɗai idan an sakar masa totur, kuma matsalar daga kafireta take, wurin da mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Ya ce a kawo ya wanke. Mai-agogo ya tsaya ya kalli yadda yake wanke ta wani, yana zura waya a ramukan yana busawa da baki, ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ya yi godiya ya koma gida ya kwance tasa da kansa.

Ranar da ya buɗe cikin kafireta, Malama ta ce ta ga fuskar da rabonta da gani a wurinsa tun suna ango da amarya. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya. Ga ƴan ƙananan bututun tagulla guda biyu da ake kira jet, kowanne da rami a tsakiya wanda mai ke bi. Ƙaramin shi ne mai kula da silo, raminsa sai da gilashi ake ganinsa sosai. Babban kuwa sai an murɗa totur yake aiki. Ga allura mai tsaga-tsaga a kai, ga sukurun iska, ga ɗan abin da ke yawo a kan mai yana rufe hanya idan ɗan kwanon mai ya cika. Duk abin da ya iya a duniya, ga shi an kawo masa a cikin wani sabon gida.

Ya wanke komai tas, ya mayar, ya ja cok, abin da ke taimaka wa inji tashi, ya buga kik. Sai da ya taka dutse kafin ƙafarsa ta kai. Babur ya tashi, ya rataye a sama, ya faɗo, ya mutu.

Daga nan ne aka shiga shekarun da unguwa take kira zamanin kafireta. Ya koyi karanta fulogi: idan bakinsa ya yi fari, mai ya yi kaɗan, idan ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa, abin da ake nema shi ne launin shayi da madara. Nasa fari yake fitowa. Sai ya cire ƙaramin jet ya sa wanda ya fi shi faɗin rami. Babur ya yi silo da safe, Mai-agogo ya aika aka kira Direba ya zo ya shaida. Kafin Direba ya lallaɓo da ƙugunsa rana ta ɗaga, inji ya yi zafi, babur ya koma halinsa. Ya ƙara girman jet. Yanzu fulogi ya yi baƙi, salansa tana aman hayaƙi, fararen mayafan Malama da ke kan igiya suka koma ruwan toka. Ya ɗaga allura, ya sauke allura. Ya murɗa sukurun iska ciki, ya murɗo shi waje, a wasu ranakun ma sukurun kamar ba a jikin babur ɗin yake ba, ko ya juya shi babu abin da ke canzawa. Jet kuwa ya tara su cike da gwangwanin madara, har da waɗanda ya faɗaɗa wa rami da kansa da kayan agogo.

Kowane lokaci da bayaninsa. Da damina ya ce iska ta yi nauyi. Da bazara ya ce ta yi sauƙi. Ya zargi gidan man da ke bakin kasuwa, ya koma na bakin gada, shi ma ya zarge shi. Direba kuwa ra'ayinsa ɗaya ne tun ranar farko.

"Fulogi ne."

"Na canza fulogi."

"To wanda ka sa ɗin ne."

Bakanike da ya gaji da tambayoyi ya ce masa, "Baba, sayi sabuwar kafireta ka huta." Ya daɗe yana ƙi, daga baya ya saya a ɓoye ya ɗaura. Babur ya tashi, ya rataye, ya faɗo, ya mutu, daidai yadda ya saba. Da wani ne ya ga haka, da ya ce ashe ciwon ba a kafireta yake ba. Mai-agogo ya ce kayan zamani duk jabu ne, ya cire ta ya mayar da tsohuwar.

Ana cikin haka wani mai babur na haya da ke maƙwabtaka da su ya leƙo, ya ce tun da Baba yana taɓa kafireta, ko zai duba masa tasa, tana shan mai kamar rijiya ta fashe. Mai-agogo ya buɗe, ya maƙala gilashinsa, ya gyara kafin shayi ya huce. Mai hayan ya gaya wa ƴan'uwansa. Kafin shekara ta zagayo, barandar gidan waya ta cika da babura, teburin gilashi ya koma warin fetur, agogunan da ke ciki aka tura su lungu guda. Har daga wasu unguwanni ake zuwa. Ba ya ko taɓa babur da farko, sai ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya ce ƙaramin jet ya toshe, ko allura ta yi sama, kuma in an buɗe haka za a tarar. Kuɗin cefane ya dawo hannunsa, ya sake wa Malama mayafai. Bakanike da kansa ya riƙa turo masa waɗanda suka gagare shi.

Sai dai duk wanda aka gyara wa, idan zai tafi sai ya tambaya, "Baba, ya mai jiki?" Kowa ya san wa ake nufi. Yakan ce, "Da sauƙi, an kusa." Da yamma idan ya tashi daga aiki, rumfar kwano yake wucewa kafin ya cire takalmi. Direba da wasu dattawa biyu suka mayar da wurin majalisa, an ajiye musu benci. Ana tayar da babur, a yi shiru a saurara, ya mutu, sai gardama ta ɓarke har a kira magariba. A tsawon wannan lokaci ƴarsu Auta ta gama makaranta, ta yi aure, ta haihu, babur bai taka ko ƙofar gida ba.

Rina ce ta kawo ƙarshen abin. Sun yi gida a ƙarƙashin kwanon rumfar, ɗaya ta harbi Malama a wuya tana shanya. Wata ranar Asabar da hantsi, Mai-agogo yana tsugune yana lallaɓa totur da hannu ɗaya don kada inji ya mutu, Malama ta fito da gwangwanin maganin sauro a hannu, fuska ba wasa. Ta fesa wa gidan rinar. Guda ɗaya ta tsere ta sauka a jikin babur, can ƙasan tanki, bayan kafireta. Malama ta bi ta ta fesa.

Sautin injin ya canza nan take. Ya cika, ya daidaita, ya yi ɗan lokaci yana bugawa lafiya lau, sannan ya koma ɗingishinsa.

"Malama, kina son ki ƙone mu ne? Wa ya ce miki ana fesa wannan kusa da inji mai zafi?"

"Wa ya ce maka ana ajiye rina a gidan mutane?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya karkata kai.

"Sake fesawa."

"Yanzu ka gama cewa..."

"Kaɗan. Daidai inda kika fesa ɗazu."

Ta fesa. Injin ya sake cika, ya sake daidaita. Mai-agogo ya kashe babur, ya jira ya huce, ya kwanta rigingine a ƙasa da farar rigarsa, ya maƙala gilashi. Tsakanin kafireta da inji akwai wata gajeriyar roba baƙa mai kamar wuya. Ya lanƙwasa ta da yatsa, sai ga tsaga ta buɗe a ƙasanta, siririya kamar gashi. Ta nan iska take satar hanya tana shiga, ta tsinka man duk yadda aka auna shi, kuma idan roba ta yi zafi tsagar sai ta ƙara buɗewa. Maganin sauron da tsagar ta zuƙa a maimakon iska shi ya sa injin ya ɗan daidaita. Hannunsa ya sha dafa wannan roba duk ranar da zai cire kafireta. A kanta ma yake jingina yatsa idan yana murɗa sukurun iska.

Ya daɗe a kwance yana kallon tsagar. Malama ta leƙo.

"Lafiya, Baban Auta?"

"Lafiya. Rinar ta mutu?"

"Ta mutu."

"Allah ya ji ƙanta," ya ce.

Robar ba ta yi wuyar samu ba, a shagon farko da ya tambaya aka zaro masa ita daga kwali. Da ya ɗaura, sai babur ya shaƙe da mai, saboda ƙaton jet ɗin da ke ciki. Ya zazzage gwangwanin madara a kan ƙyalle ya yi ta gwadawa yana raguwa, har ya dawo kan wani tsoho da ya yi duhu. Shi ne wanda babur ɗin ya zo da shi, wanda ya cire a makon farko.

Da yamma majalisa ta taru. Ya buga kik, ya saki totur, ya ja da baya ya harɗe hannuwa. Babur ya zauna yana bugawa a hankali, dum, dum, dum, ba sama ba ƙasa. Aka jira ya mutu. Bai mutu ba. Dattawan suka dubi juna, don ba su taɓa zama a wurin ba gardama ba. Ɗaya ya tuna yana da saƙo a kasuwa. Can Direba ya yi gyaran murya.

"To, ai sai a hau."

Mai-agogo ya yi ta kawo dalilai har mako ya wuce: taya tana son iska, sarƙa tana son mai, gwiwarsa tana masa wani iri. Amma labari ya riga ya baza gari, masu haya suna tambaya yaushe za su ga Baba a kan titi. Wata ranar Lahadi da safe aka tura babur zuwa filin ƙwallon makarantar su Malama. Direba ya yi masa bayani irin na wanda ya yi tuƙin babbar mota: ga kuloci, ga giya, ga birki, sauran duk ƙarfin hali ne. Aka kawo bulo ya taka ya hau. Ƙafafunsa suna lilo, ko ɗaya ba ta kai ƙasa ba.

Ya saki kuloci a hankali, da irin hannun da ya saba da siraran kayan cikin agogo, babur ya ɗauke shi sumul. Ya zagaya filin sau ɗaya, Malama har da tafi. A zagaye na biyu ya yanke shawarar ya isa haka, ya saki totur yana jiran babur ya mutu kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru. Babur ya ci gaba da tafiya abinsa a giya ta ɗaya, dum, dum, dum.

"Kama kuloci," Direba ya ɗaga murya.

"Wanne ne a ciki?"

"Na hagu."

"Hagun wa?"

Ya sake wucewa ta gabansu, zaune ƙiƙam, idanu a waje, hula ta karkace. Direba ya bi shi da ɗingishi yana riƙe da ƙugu. A ƙarshe ya damƙi abin da hannunsa ya samu, ashe birkin gaba ne, daidai kan tulin yashin da aka zube don gyaran aji. Babur ya kwanta gefe guda, shi ya kwanta ɗaya gefen. Da suka iso suka tarar idon sawunsa ya fara kumbura, tayar baya tana juyawa a iska, injin bai fasa bugawa ba. Direba ya kai hannu zai kashe.

"Dakata," in ji Mai-agogo daga cikin yashi. "Ku saurara. Ko a kwance bai canza ba."

Targaɗe ne, ya yi ƴan makonni da sanda. Bai sake hawa ba, kuma babu wanda ya sake yi masa zancen. Majalisa ta koma ƙofar shagon wani mai gyaran rediyo. A baranda kuwa yana ba masu haya labarin yadda aka gano ciwon, sai dai a bakinsa tun da daɗewa yake zargin robar, jira kawai yake ya tabbatar. Idan Malama tana kusa takan ce, "Haka ne," ta ci gaba da abin da take yi.

Mijin Auta ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, kullum yana cikin ƙauyuka a kan hanyoyin da suka gama cinye masa ƙaramin babur ɗinsa. Malama ce ta kawo shawara, Mai-agogo ya yi kwanaki yana fushi, sannan ya kira surukin ya miƙa masa makulli tare da dogon wa'azi a kan tace mai da wanke matatar iska. Babur ya shiga daji a karo na farko tun barinsa ofishin gandun daji, kuma bai taɓa ba surukin kunya ba.

Bayan damina surukin ya matsa sai Baba ya raka shi wata tafiya, ko don ya ga inda babur ɗinsa yake zuwa. Aka ɗora shi a baya, ya rungume ƙugun surukinsa duk da kunyar da ke tsakaninsu. Suka bi ta gonaki, suka tsallaka rafi, suka hau wani tudu da ake hango ƙauyuka da garken shanu daga samansa. Sai la'asar suka dawo, ƙafafunsa duk laka. Malama ta kawo masa ruwa, Auta tana goye da ɗanta ta matso.

"Baba, ya ka ga wurin? An ce rafin nan akwai kyau."

Surukin ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce wa Malama: "Inna, ai tun da muka bar kwalta idon Baba a rufe yake."

Mai-agogo ya shanye ruwan ya ajiye kofin.

"A wajen hawan tudu yana ɗan shan mai fiye da kima," ya ce. "Kawo shi ranar Asabar, allurar tana son a sauke ta tsaga ɗaya."